Sunansa Labbo

A duk majami'ar da ke Nassarawa ta Birnin Kebbi babu mai murya irin ta Malam Tamba. In ya ce "Mu yi addu'a," har masu awon hatsi a bakin hanya sai sun waiwayo. Malamin gona ne, mutumin ƙasar Zuru, dattijon ikilisiya, kuma shekara shida ke nan shi ne shugaban kwamitin bikin godiya na kaka. Mutum ne mai godiya, haka kowa ke faɗi. Kowa fa, ban da matarsa Baiwa. Ita ta san godiyar mijinta sau ɗaya take fitowa a shekara, ranar Lahadi ta biyu ga watan Nuwamba, tare da babbar rigarsa mai ruwan toka, kuma da la'asar ake ninke su tare a mayar cikin akwati.

Abin da ke cin ran Baiwa ya samo asali tun suna zaune a Argungu, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, shekarar da aka yanka jihar Sakkwato. Damina ta yi nisa, gulbi ya cika ya batse. Ta je wanki bakin ruwa da 'yarsu Maryamu, lokacin tana da shekara huɗu. Juyawar da za ta yi ta matse zane, yarinya ta bi wani ƙoƙo da ruwa ya ja, sai ƙafafunta aka hango. Baiwa ta kurma ihu. Wani masunci da ke ɗinkin koma a gefe ya yar da ita ya faɗa ruwa. Ya nutse ya fito hannu wofi. Ya sake nutsewa, bai samu ba. Na uku ya daɗe har mata suka fara salati, sannan ya ɓullo da yarinya a kafaɗa, jini na bin wuyansa daga kunnen hagu. Ya kifa ta bisa gorarsa ya yi ta dannawa har ta amayar da ruwa, ta tsala kuka. Sunan masuncin Labbo, kuma tun daga ranar kunnen nan bai sake jin komai ba.

Malam Tamba ya iso a guje daga ofis. Ya zube cikin laka ya ɗaga hannuwa sama, ya gode wa Ubangiji da muryar da ta tsallaka gulbi. Da ya gama ya sungumi 'yarsa ya yi asibiti da ita. Ta gaban Labbo ya wuce, mutum na zaune yana toshe kunne da tsumma. Ko sannu bai ce masa ba.

Washegari Baiwa ta ce, "Baban Maryamu, ba za mu je mu gaida mutumin nan ba?"

"Za mu je."

Bayan sati ta sake tambaya, ya ce za su je. Da wata ya cika ta matsa masa, sai ya gyara zama ya yi mata wa'azi. Wai Ubangiji ne ya ceci Maryamu, mutum kayan aiki ne kawai, in an yi huɗa mai kyau ba galma ake gode wa ba. Ta ce ita ba ta taɓa ganin galma ta yi jini a kunne ba. Ya ce ta iya bakinta. Ana cikin haka takardar canjin wurin aiki ta zo daga Sakkwato, suka ɗaure kaya suka koma Birnin Kebbi, ba su taka ƙofar gidan Labbo ba.

To, ka ji abin haushi. Kowace shekara ranar bikin godiya Malam Tamba ne ke ba da shaida, kuma labarin Maryamu yake bayarwa. Mutane na kuka, suna cewa amin. Baiwa kuwa tana zaune cikin 'yan Zumuntar Mata tana lura da yadda gulbi ke ƙara zurfi kowace shekara, masunci na ƙara ƙanƙancewa. Shekarar farko "wani masunci" ne. Can gaba ya zama "wani bawan Allah da ke wucewa." Bara ma cewa ya yi Ubangiji ya aiko da mala'ikansa, majami'a ta ɗauki tafi. Mala'ika! Mutum da matarsa da 'ya'yansa da kunne ɗaya, wai mala'ika, don dai kada a ce akwai gidan da ya kamata a je.

Ita kuwa tun Juma'ar farko da suka sauka Birnin Kebbi ta yanke wa kanta hukunci. Sana'arta daddawa. Ta zaɓi mai kyau, ta ƙulla cikin ganye, ta kai tasha wurin Usmanu direba mai jigilar Argungu, ta ce ya kai gidan Labbo masunci ya ce, "Malam Tamba ya ce ya gode." Kada ka tambayi dalilin da ya sa ba ta ce Baiwa ba. Matar aure ta riƙa aika wa wani namiji kaya da sunanta? Ai kafin wata ya mutu an yi da ita a kasuwa. Ban da haka kuma tsiraicin mijinta take rufewa, ko da yake shi bai san a tsirara yake ba.

Da fushi ta fara. Tana ƙullawa tana cewa, "Ubangiji, na gode Maryamu na numfashi yau. Na gode don Labbo. Mijina kuwa, kai ka san abin da za ka yi da shi." Juma'a ta bi Juma'a, rani da damina, har abin ya zame mata jiki. Sai ta ga ba ta iya ƙulla ganyen nan ba tare da wani abu na cikin satin ya faɗo mata a rai ba, ko zazzaɓin da ya sauka, ko rijiyar da ba ta ƙafe ba, ko maƙwabciyar da ta ara mata turmi, sai ta haɗa da shi ta gode. Wannan ma haushi yake ba ta, don ba ta son fushinta ya huce. Bai kuwa huce ba. Jefi-jefi Labbo kan aiko da bandar kifi, ta zuba a miya, Malam Tamba ya sa albarka ya ce Ubangiji mai ciyar da mu, ya cinye har da ƙashi. Bai taɓa tambayar daga ina kifin yake ba.

Haka aka yi ta tafiya har ranar Juma'ar nan, saura kwana biyu biki. Ta kai ƙullinta tasha da safe, Usmanu ya karɓa amma bai sa a aljihun mota kamar kullum ba. Ya tsaya yana juya shi a hannu.

"Maman Maryamu, yau kam akwai saƙo, kuma ba mai daɗi ba. Tsohon nan naku Labbo ya kwanta. Kwana tara ke nan ko salla sai daga zaune. Matatai, Inna Hodi, tac ce in gaya ma Malam, tsoho shina son shi gane shi da idonai."

"Jikin ya yi tsanani ne?"

"In da ni na Malam, yau zan tahi, ba gobe ba."

Ta kama hanyar gida. Malam ake kira, mai godiyar Juma'a, mutumin da bai ma san yana godiya ba. In tsohon nan ya mutu bai ji kalmar nan daga bakin Tamba ba, shi ke nan, babu sauran ranar da za a faɗe ta.

Da la'asar ta same shi a tsakar gida cikin dammunan gero da rake da kabewa da za a ƙawata majami'a da su, yana duba takardar tsarin sujada.

"Baban Maryamu, Labbo ba shi da lafiya. Ya aiko yana son ganinka."

Bai ɗago ba. "Wane Labbo?"

Ludayin da ke hannunta ya faɗi. Wane Labbo! Ta tsaya a kansa ta zazzage masa komai, daddawa, da Usmanu, da saƙon da ake kaiwa da sunansa, tun daga Juma'ar farko har ta yau. Yana saurare fuskarsa na canzawa. Da ta kai aya ya miƙe tsaye.

"Ƙarya kika yi da sunana? Shekara goma sha ɗaya? Matar dattijon ikilisiya!"

"Na yi. Kifin ƙaryar kuma kai ka cinye shi, har kana neman ƙari."

"Maman Maryamu, ki san da wa kike magana."

"Na sani sarai. Da mai godiyar Nuwamba nake magana. Mutum na can yana fama da ransa, kai yake kira. Argungu ba Legas ba ce, ga babur ɗinka nan a jingine."

"Yanzu? Ga kayan nan, gobe ga gwajin waƙa, jibi ga baƙi daga Jega da Kalgo. Wa zai tsaya? Litinin. In an gama biki lafiya, Litinin mu je."

"To rubuta wa mutuwa takarda, ka ce ta jira kwamiti."

Ya tattara takardunsa ya fice. Ranar Asabar tun safe yana majami'a yana ɗaura zangarniyar dawa a jikin tagogi. Baiwa ta yi tunanin ta shiga mota ta tafi ita kaɗai, har ta ɗauko mayafi, sai ta ajiye. Ta je ta ce me? Ba ita aka kira ba. A wurin Labbo ita ba kowa ba ce, wata mace ce da ta taɓa yin ihu a bakin ruwa. Da dare ta ajiye wa mijinta tuwo ta bar wurin.

Lahadi majami'a ta cika har waje. Mata sun sha anko, ana buga tulu ana kaɗa caki, mutane na takawa zuwa gaba da buhun shinkafa, da kwandon albasa, da kaji, wani ma da akuya tana turjewa. Baiwa na zaune a layi na uku, bakinta bai buɗe ga waƙa ba. Tana ta lissafin ko tsoho ya kwana. Bayan wa'azi fasto ya ce dattijo Tamba zai ba da shaida kamar yadda aka saba.

Ya fito cikin babbar riga mai ruwan toka. Ya fara a hankali, yadda ya iya, ya kawo damina, ya kawo gulbi, ya kawo ƙafafun yarinya. Bai dubi inda matarsa take ba. Da ya iso wurin nutso sai ya ɗan yi jim, har Baiwa ta ɗaga kai, ta ce ko yau ne. Sannan ya buɗe murya.

"'Yan'uwa, sai ga wani hannu da ba a gani, ya miƙo cikin ruwan nan..."

"Ana ganinsa!"

Ba ta san sa'ad da ta miƙe ba. Mai tulu ta tsaya da hannu a sama. Majami'a ta yi tsit, sai kukan akuya a waje.

"Ana ganinsa, ni na gan shi! Hannun yana da mai shi. Sunansa Labbo, masunci ne a Argungu, Musulmi ne, matarsa Hodi. Sau uku ya nutse. Kunnensa ya fashe saboda 'yarmu. Ubangiji ne ya aiko shi, ban musa ba, amma da Ubangiji ya aiko shi ai ba ɓoye shi ya yi ba. Shekara goma sha ɗaya kuna tafi, mu kuwa ba mu taɓa zuwa mun ce masa sannu ba. Yana can kwance, ko ya kai gobe ko bai kai ba. Ku ci gaba da bikinku."

Shugabar Zumunta ta jawo gefen zanenta tana raɗa, "Maman Maryamu, zauna, don Allah zauna." Ta fizge. Ta bi tsakanin kujeru ta fita, ta tsallake kwandunan albasa da ke bakin ƙofa, ba ta waiwaya ba. Ko kaɗan ba ta yi nadama ba.

A tasha motar Argungu mutum uku kawai ke ciki. Ta zauna a benci da ankonta tana jiran ta cika. Ba a daɗe ba ta ji ƙarar babur da ta sani. Ya tsaya a gabanta, ya tattare babbar riga a cinya, idonsa a kan hanya.

"Hau."

Ta hau. Suka kama hanya har suka kai Ambursa. Can bayan gari, inda ake hango masu yankan shinkafa a fadama, ya sauka daga kwalta ya kashe babur a gindin wata tsamiya.

"Kin tozarta ni gaban jama'a."

"Na yi."

"Kina tsammani na manta da shi? Na ga jinin nan, Maman Maryamu. Da idona na gani. Ni ban iya ruwa ba, da ina wurin da sai dai in tsaya in yi ihu kamar ke. Na ce gobe zan je da abin kirki a hannu, ba hannu wofi ba. Gobe ta zama sati. Da aka yi wata sai na ce in na je ya tambaye ni me ya tsare ni, in ce me? Da aka shekara kuwa..." Ya share fuska da hannun riga. "Sau uku ana tura ni rangadi Argungu ina musanya da wani."

Da wata ce da ta ji tausayinsa. Baiwa ta dube shi sama da ƙasa. Wato ya sani. Duk shekarun nan ya sani, ya gwammace ya mai da mutum mala'ika da ya yi tafiyar awa ɗaya ya sunkuyar da kai.

"Tada babur," ta ce. "Rana na yi."

Gidan Labbo na kusa da gulbi, ba su sha wahalar nema ba, duk wanda suka tambaya sai ya nuna. Goruna na rataye a zaure, ƙamshin banda ya cika tsakar gida. Wata tsohuwa siririya ta fito tana goge hannu, ta dubi babbar riga, ta dubi anko, ta tafa hannu.

"Lale, lale! Malam na? Kai, Allah mun gode maka. Ku shigo, shina nan, tun jiya shika tambaya ko mota ta iso."

Wannan ita ce Hodi. Ta kai su wani ɗaki inda tsoho ke kwance a tabarma, an tokare bayansa da matashi. Baiwa ta tuna ƙaton mutum mai faɗin kafaɗa, yanzu ga shi duk ya zube, sai idanu. Hodi ta ce ɗaya kunnen ma tsufa ya taɓa shi, sai an ɗaga murya. Ta durƙusa wajen kunnensa na dama ta yi kira.

"Malam na Birnin Kebbi ya iso!"

Fuskar tsoho ta washe. Ya miƙo hannu biyu, Tamba ya durƙusa ya ba shi nasa, tsoho ya riƙe gam.

"Kai na? Ashe zan gane ka. Malam, ni dai rana ɗaya nis shiga ruwa, kai kuwa shekara goma sha ɗaya kana godiya. Ba ka gajiya? Ko shekarar da ruwa yay yanke hanya, saƙonka cikin jirgi ya iso. Na gaya ma ɗiyana, na gaya ma liman, nac ce in kuna son ku ga mai godiya, ku tai Birnin Kebbi, akwai wani Kirista can. Randa duk raina yaɓ ɓaci da kunnen ga, sai in ce bari Juma'a ta zo. Yaya ɗiyar? Ta girma?"

Tamba ya gyaɗa kai. Gumi ya jiƙa wuyan babbar riga. Ya ba Hodi amsa a hankali, ita kuma ta yi ihu a kunnen mijinta cewa yarinya na makarantar kwana, lafiya lau. Tsoho ya yi hamdala. Sannan idonsa ya sauka kan Baiwa da ke durƙushe a bakin ƙofa.

"Wagga ita ta uwar ɗiyar?"

Aka ce ita ce.

Ya daɗe yana kallonta. "Ɗiyata, ban riƙe ki da komi ba, Allah na gani. Amma ke kika yi ihun nan, ke kika haife ta, ko sau ɗaya ba ki aiko da gaisuwa ba. Ba ya kyau. Ki koyi halin mijinki."

Kai! Baiwa ta ji kamar an watsa mata barkono a ido. Ita? Ita da ta kwashe shekarun nan tana dafa kalwa, tana wankewa, tana ƙullawa, tana takawa tasha cikin ruwa da rana? Ta koyi halin Tamba? Magana ta zo mata har leɓe. Kalma uku sun isa. Amma ta dubi hannuwan tsoho da ke riƙe da na mijinta, ta ga in ta faɗa, abin da mutumin nan ya jingina da shi duk Juma'a ne za ta fizge masa yana bakin kabari. Ta lura Hodi ta sunkuyar da kai tana tsinkar bakin tabarma. Baiwa ta ciji gefen kallabinta, hawayen takaici na zuba.

"To, Baba," ta ce. "Na ji."

Tamba ya juyo ya dube ta, karo na farko tun Juma'a. Ba ta taimake shi da komai ba, ko ido ba ta ƙifta masa ba. In ya ga dama ya tashi da yabon da ba nasa ba ya koma gida, ta san ba za ta tona shi a nan ba, shi ma ya san haka.

"Baba," ya ce a hankali, "ba ni ba ne."

"Mi yac ce?"

Hodi ba ta maimaita ba. Tamba ya matsa kusa da kunnen dama, ya saki muryar nan tasa ta majami'a, har kaji suka watse a tsakar gida, maƙwabta suka leƙo ta kan darni.

"Ba ni ba ne, Baba! Ita ce! Ita ke ƙullawa, ita ke aikowa da sunana. Ni ban taɓa aiko maka da komai ba. Sai shekaranjiya na sani!"

Wannan kam tsoho ya ji. Murmushin ya gushe a hankali.

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Ya saki hannun Tamba. Ya juya wurin matarsa. "Hodi, kin sani?"

"Wane namiji ka ƙulla daddawa haka?" in ji Hodi da ƙarfi. "Tun ƙullin farko nis sani."

Labbo ya rufe ido har Baiwa ta tsorata, ta ce ko sun kashe shi ne da gaskiyarsu. Can ya buɗe, ya yafuto ta da yatsa. Ta ja gwiwa ta matso.

"Ɗiyata, yahe mani. Na yi maki faɗa bisa abin da ban sani ba. Allah shi yi maki albarka, ke da ɗiyarki."

Ta yi ta gyaɗa kai. Tsoho ya huta, ya ja numfashi, sannan ya dubi babbar riga mai ruwan toka kamar yanzu ya fara ganinta.

"To, kai kuma mi kaz zo yi?"

"Na zo in ce na gode."

"To ce."

"Na gode, Baba."

"Ban ji ba."

"Na gode, Baba!"

"Ban ji ba."

Tamba ya faɗa na uku da dukan ƙarfinsa, muryar ta tsage a tsakiya, ya kifa goshi a bakin tabarma yana kuka, yana ta maimaitawa, na gode don Maryamu, na gode don kunnenka, na gode, ka gafarce ni. Baiwa ta ga gefen bakin tsoho na motsi, ta gane tun na biyu ya ji. Ya bar shi ya yi ta faɗi har ya gaji, sannan ya ɗora masa hannu a ka.

"Ya isa, na ji. Ta yi latti, amma ta iske ni." Ya nuna Baiwa da haɓa. "Saura ita."

Malam Tamba ya ɗago, fuska duk hawaye da ƙurar tabarma. Ya juya wurin matarsa. Shekara goma sha tara suna tare, tuwonta ya ci, rigar da ke jikinsa ita ta wanke ta goge, ba ta tuna ranar da kalmar nan ta fito daga bakinsa zuwa gare ta ba. Ya buɗe baki, mai muryar da ke tsallaka gulbi, abin da ya fito bai fi raɗa ba.

"Maman Maryamu, na gode."

Baiwa ta share idonta da bayan hannu. Ta kwance kallabinta ta sake ɗaurawa tsaf, ba ta yi sauri ba.

"Ban ji ba," ta ce. "Ka sake gwadawa gobe."